Ƙarin da ba na daji ba a hanyar fitsarin yara

Wannan tsiro ne na nama da ke fitowa a mafitsara, ko a bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ko a wanda ke fitar da shi waje. Ba sankara ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma ba kasafai ake ganinsa ba. Illarsa toshe hanya.

Wanda aka fi sani shi ne folif, siririn nama mai reto a kan ƙaramin wuya. Ya fi kama yara maza. Idan ya fito a mahaɗar ƙoda da bututu, galibi ta hagu, fitsari kan taru ƙodar ta kumbura, yaro ya riƙa ciwon kwiɓi mai zuwa yana tafiya. Idan a ƙarƙashin mafitsara yake, sai ya zama kamar murfi: yaro na cikin fitsari ya yanke, ya yi nishi, ya sake zubowa. Akwai kuma curin jijiyoyin jini, da wani da ke biyo bayan tiyata ko doguwar cutar mafitsara, wanda yakan dawo bayan an cire.

Tsiron kan iya jawo fitsarin jini. Amma a ƙauyukan Kadawa da fadamar Haɗejiya, idan aka ga fitsarin jini tsargiya ake fara zargi, kuma yawanci ita ce ɗin. Jininta a ƙarshen fitsari yake ɗigowa. Ana neman ƙwanta a fitsarin da aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a ba da maganin furazikwantel, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin yaro. Abin da ke rikita lamarin, ita ma tsargiyar tana tara nama a bangon mafitsara har ya yi kama da ƙari a hoton ciki na asibiti. Kuskuren da ake yi shi ne maimaita maganin ana jira, alhali jinin bai tsaya ba, ko fitsarin na yankewa.

Irin wannan yaron hoton ciki yake buƙata, sannan a tura shi babban asibiti kamar na Koyarwa na Aminu Kano. A can ake sa shi barci, a zura siririyar kyamara ta hanyar fitsari, a yanke tsiron daga tushe. Na kusa da ƙoda wani lokaci sai an cire guntun bututun an ɗinke.

Dole a kai naman ɗakin gwaji, domin akwai sankarar mafitsarar ƙananan yara mai fitowa kamar nonon inabi, wadda ido kaɗai ba ya iya bambanta ta da folif.