Shiga Babbar Kotun Legas da neman takardun shari'a

Daga Agege har Mile 12 tambayoyin nan ake ta maimaita mini. Don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Ana biyan kuɗin shiga kotu?

A'a. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a. Ka shiga, ka kashe waya, ka sami benci ka zauna.

Ko da shari'ar ba tawa ba ce?

Ko da ba ka san kowa ba. Sai dai alƙali na iya fitar da jama'a idan magana ta shafi yaro ƙasa da shekara 18 ko tsaron ƙasa.

Wani ya ce zai jiyo mini abin da alƙali zai yanke.

Ƙarya yake yi, Alhaji, kuma kuɗinka yake so. Alƙali ɗaya ne ke zama a Babbar Kotu, kuma nazarin da yake yi a ofishinsa ba mai leƙawa. Naka shi ne abin da ya karanta a fili. Sashe na 294 ya ba shi kwana 90 ya yanke hukunci bayan lauyoyi sun rufe jawabi, masu ƙara da waɗanda ake ƙara kuma su sami kwafi cikin kwana 7 bayan ya karanta shi. Ku daina tsayawa da 'yan bakin ƙofa, yana ɓata mini rai ƙwarai.

Shari'ar filin mahaifinmu a Babbar Kotun da ke Igbosere, Tsibirin Legas, aka yi ta. Yaya zan sami kwafin hukuncin?

To, nan sai a yi haƙuri. Fara nemo lambar ƙara. In ta fara da LD, ɓangaren Legas ne, in ID ce, Ikeja. Ba lamba, magatakarda zai sha wuya, kai ma haka. Sai ka rubuta takardar neman kwafin da kotu ta tabbatar, wanda lauyoyi ke kira CTC, ka biya, ka karɓi rasit. Dokar Shaida ta 2011 tana son a ga kwanan wata, suna, muƙami da sa hannun jami'in a jiki. Kwafin shagon hoto ba ya tsaya maka a gaban alƙali.

Amma ka tuna an ƙona kotun Igbosere a watan Oktoban 2020, fayiloli da yawa sun salwanta. Naku yana iya tsira, yana iya zama toka, ban yi maka alkawari ba. Kada hankalinka ya tashi tukuna. Lauyan da ya tsaya muku yakan ajiye kwafi, na abokin shari'a ma haka. In an taɓa ɗaukaka ƙara, akwai yiwuwar kundin yana Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wata Hajiya daga Idi-Araba ta zo mini da tsohon sammaci a ƙulle cikin leda, gefensa duk gara ta ci, amma lambar na nan. Da ita muka fara. Ka bincike akwatin tsohon tukuna.

Zan iya ɗaukar bidiyo?

Ba tare da izinin alƙali ba, kada ka soma.