Ganyen nan mai ƙamshin abarba, ga yadda ake shuka shi da amfani da shi

Jama'a barkanmu. Akwai wani tsiro da ake yawan tambayata a kai a wajen aikina na malamin gona, masana suna ce masa Salvia elegans, asalinsa tsaunukan Meziko da Guwatemala. Ba abarba ba ne fa ko kusa, ɗan gidan su na'a-na'a ne, taɓa karan za ka ji kusurwa huɗu gare shi. Amma murza ganyen ka shinshina, wallahi sai ka rantse abarba aka yanka.

Kar ku wahalar da kanku da neman iri. Ku yanko reshe mai taushi kamar santimita 10, ku tsige ganyen ƙasa ku tsoma a kofin ruwa, cikin sati biyu haka saiwa za ta leƙo, sai a dasa a ƙasa ko a babbar tukunya mai huji a gindi. Yana son rana amma ba ya jure ƙishi, kwana biyu ka manta shi sai ka tarar ya yi laƙwas, in kuma ruwa ya kwanta masa saiwar ta ruɓe. Ku riƙa tsinke kan reshen don ya yi cunkus, in an bar shi yana haura mita 1. Furensa ja ne siriri, sai yini ya fara gajarta yake fitowa, kuma ana ci.

To a kicin ne mutane suke ɓata shi. Ƙamshin nan a ɗanyen ganye yake, wuta tana korarsa, shanya ma haka, shi ya sa ni ban ga amfanin busar da shi ba. In shayi ne sai an sauke ruwan za a jefa ganye biyar ko shida a rufe kofin minti 5. In haɗin 'ya'yan itace ne ko lemo mai sanyi, a yayyanka ƙanana a barbaɗa daf da za a kai baki.

A Meziko masu maganin gargajiya suna ba da shi don damuwa da hawan jini, amma don Allah kar wani ya ji haka ya ajiye ƙwayar da likita ya ɗora shi a kai. Mai juna biyu ta fara tambaya a asibiti tukun. Kuma tunda ɗanye ake ci, ban da fesa masa maganin ƙwari, in ƙwari sun hau a wanke su da ruwa kawai.