"Wuta Ta Tafi Unguwa": Tambayoyi Kan Kalmomin da Manya Ke Ara Daga Bakin Yara

Wane irin kalmomi ake nufi?

Waɗanda yaro ya faɗa cikin gwarancinsa, aka yi dariya, aka maimaita, har suka zauna daram a bakin 'yan gida. A gidanmu babu mai cewa an ɗauke wuta. "Wuta ta tafi unguwa" muke cewa. Ɗiyar yayata ce ta fara faɗa tana 'yar shekara 3, wani dare da ɗaki ya yi duhu muna tsakar cin tuwo. Ta ɗago kai ta dubi ƙwan fitila, ta tambayi uwarta ko wuta unguwa ta tafi. Yau yarinyar tana da nata 'ya'yan, amma har mahaifinmu mai furfura haka yake faɗa. Cokali ma "kocali" ne a wajenmu, baƙo ya ji sai ya tsaya yana kallonmu.

Me ya sa yara ke murɗe kalma haka?

Saboda kunne yana riga harshe nuna. Yaro kan fara furta kalmarsa ta farko wajen wata 12, ya fara haɗa kalma biyu wajen shekara 2, amma sautuka irin su r da ts da ƙ suna yi masa nauyi. Sai ruwa ya koma "luwa", ƙuli-ƙuli ya koma "kuyi-kuyi". Wani lokaci ya yanke kan kalma, talabijin ya zama "bijin". Abin da ya fi masa sauƙi shi ne maimaita gaɓa ɗaya, shi ya sa Hausar reno ke cike da nono, tutu, dodo, da "tata" da ake rera wa mai koyon tafiya.

A 1960 masanin harshe Roman Jakobson ya yi bayanin dalilin da ya sa "mama" da "baba" ko "papa" suka bazu a harsunan da ba su haɗa dangi ba: sautukan leɓe ne jariri ke fara iyawa, iyaye kuma su ɗauka su ake kira. A harshen ƙasar Jojiya ma, "mama" uba ne.

To me ke sa manya su riƙe kalmar bayan yaron ya daina?

A ganina, ranar ake riƙewa. Duk sanda muka ce "kocali", sai mu ga yaron da ya fara faɗa zaune a tabarma da koko a haɓarsa.

Akwai kuma alkunya, wadda ta buɗe wa wannan ɗabi'a ƙofa a gidajenmu. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba a kiran sunan yaron da ya ci sunan kakansa, sai a ce Abba ko Ummi. Gidan da ake neman abin da za a sakaya suna da shi, da jika ya buɗe baki ya laƙa wa kakarsa wani suna, shi ke nan an samu. Kakanni nawa ne unguwa duka ta manta sunansu na yanka, ana kiransu da abin da jikan fari ya iya furtawa? Su kuwa murna suke yi, su ce ai "maigidana" ne ya raɗa mini.

Irin wannan kalma tana fita waje?

Tana fita, har ta yi nisa. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta kasa faɗin sunanta tana ƙarama, tana cewa "Lilibet". Dangi suka riƙe, har jikanta Yarima Harry ya sa wa 'yarsa sunan a 2021. Wani masanin lissafi a Amurka, Edward Kasner, ya nemi wani yaro ɗan shekara 9 cikin danginsa, Milton Sirotta, ya raɗa wa lamba 1 mai sifiri 100 a bayanta suna. Yaron ya ce "googol". Daga nan kamfanin Google ya samo sunansa.

Maimaita gwarancin yaro ba zai ɓata masa harshe ba?

Kalma biyu ko uku na wasan gida ba sa hana yaro iya magana, muddin yana jin cikakkiyar Hausa a sauran hira. Idan ya ce "luwa", miƙa masa kofi ki ce, "Ga ruwa, sha." Ya ji daidai, ba a kunyata shi ba. Abin da nake roƙo a bari shi ne tara baƙi a sa yaro ya maimaita ana ƙyalƙyala masa dariya. Na ga yaron da ya kame bakinsa kwana da kwanaki saboda haka.

Yaushe ya kamata iyaye su damu?

Tsamin baki a kan r yakan bi wasu yara har shekara 5 ko 6, ya wuce da kansa. Amma yaron da ya cika shekara 2 ba ya furta kalmomi, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, a kai shi asibiti a duba kunnensa. Kada a tsaya a kan "babansa ma bai yi magana da wuri ba".