Ma'anar "silo", da abin da ya sa sukurudireba ba ta gyara shi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000, kowa ya zama masanin mota. Kalmar da a da sai a gareji ake jin ta, yanzu ga ta a majalisa, ga ta a layin gidan mai, har a rediyo: silo. Rannan ina tuƙi na ji wani baƙo a shirin safe yana ba masu sauraro shawara, wai duk mai son motarsa ta rage shan mai ya je wurin bakanike a rage masa silo. Mai gabatarwa ya ce madalla. Ba wanda ya tambaye shi wace irin mota, balle da me za a rage.

Silo shi ne gudun da inji yake yi shi kaɗai, mota na tsaye, ƙafa ba ta kan totur. Agogon nan mai lambobi daga 1 zuwa 7 ko 8 shi ke nuna shi, kowace lamba juyi dubu ce a minti ɗaya. Motar fetur in ta yi zafi, allurar takan zauna ƙasa da 1, tsakanin 600 da 900. Wannan bai kai a tsaya a kai ba.

Asalin kalmar Turanci ne, slow, wato a hankali, guntuwa ce daga slow running, sunan da kanikawan Ingila suka ba wannan gudu na tsaye. Amurkawa suna da tasu kalmar daban, idle, kuma ita ce a rubuce cikin littattafan mafi yawan motocin da ake shigo mana da su yanzu, amma ba ta taɓa kama bakinmu ba, domin ta tarar ta Ingila ta riga ta yi kaka-gida. Harshen Bahaushe ba ya son baƙi biyu su yi karo a farkon kalma, sai ya cusa musu wasali a tsakani. Haka muka samu birki da sitiyari da fulogi da kuloci, haka muka samu silo, wasu su ce sulo. Gosulon da ke tsare mu a hanya uwarsu ɗaya, rabin kalmar na ƙarshe shi ne silon nan. Kanikawan Maraɗi da Damagaram da suka koyi sana'ar da Faransanci ralanti suke cewa, ma'anarsa ita ma abin da aka rage wa gudu. To ga abin dariya: kalma tana nufin a hankali, amma in direba ya ce a ƙara masa silo, nufinsa inji ya ƙara sauri. In ya ce silo ya yi yawa, injin ne ke ihu. In ya ce motar ba ta da silo, da an ɗaga ƙafa take mutuwa. Ban damu da wannan ba, harshe yana da 'yancin juya abin aro yadda ya ga dama.

Abin da ke damuna kayan da kalmar ta shigo da su ne. Ta zo a zamanin kafireto, tsohuwar na'urar da ke cakuɗa wa inji mai da iska, zamanin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. A kafireto silo abin saiti ne da gaske. Sukuru biyu ne, ɗaya yana ɗan buɗe faifan totur, wato murfin da ke buɗe wa iska hanyar shiga inji, ɗaya yana daidaita cakuɗin mai da iska. Bakanike ya kasa kunne, ya murɗa wannan, ya murɗa wancan, inji ya kwanta, a biya shi, kowa ya tafi yana murna. Kafireto ya wuce, kalmar ta zauna, kuma ta zauna da sukurudirebarta a hannu. Har yau da an ce silo, hannun yaron gareji yana cikin akwatin kayan aiki kafin a buɗe bonet.

A motar injekta ba kunnen bakanike ke zaɓar silo ba. Ƙwaƙwalwar motar ce, wadda ake kira birenbos. An rubuta mata lambar da za ta riƙe tun daga kamfani. In ka ɗaga ƙafa faifan totur ya rufe, akwai wata 'yar ɓarauniyar hanya da iska ke bi ta kewaye shi, a kan hanyar kuma akwai bawul da ƙwaƙwalwar ke buɗewa da rufewa. Ka kunna AC, ta ƙara buɗewa kaɗan don kada nauyi ya kashe injin. Da safe inji na sanyi ta buɗe sosai, shi ya sa za ka ga allura a 1,200 ko 1,500 na 'yan mintoci, sannan ta sauko da kanta. Wannan lafiya ce, kada ka bari a gyara maka shi.

Kuma iska take ƙarawa, mai biyo baya yake yi. Nan ne kusan kowa ke kuskure, har da masu cewa silo ya hau saboda mai na zuba da yawa. Injin fetur yana son kusan kilo 14.7 na iska a kan kilo ɗaya na fetur. Ka tuttula masa mai ba iska, shaƙewa zai yi, fulogi ya jiƙe, salansa ta yi baƙin hayaƙi, ba zai ƙara gudu ba. Saboda haka duk injin da ya yi zafi yana tsaye yana juyi 1,500, iska yake samu fiye da kima. Ko dai ƙwaƙwalwar ce ta buɗe mata ƙofa da kanta saboda an yi mata ƙarya, ko kuwa iskar ta haura katanga ta shigo.

Na koyi wannan da kuɗina a kan wata Honda Accord ta 1995, irin wadda 'yan kasuwa ke kira Buldog. Ta fara da tsayawa a 1,500, daga baya ta koma hawa da sauka, allura ta je kusan 2,000 ta faɗo 1,000, ta sake hawa, kamar mai haki. A danja mutane na kallona, su a zatonsu ni ke rezin don a san na iso. In na sa giya sai ta yi gaba da ƙarfi, a gosulo ƙafata ba ta barin birki. Hakin nan ma yana da dalili. Ƙwaƙwalwa ta ga totur a rufe, ga inji na gudu, sai ta ɗauka gangara nake sauka ta yanke mai. Gudu ya faɗi, ta maido da mai, iskar da ta yi yawa ta sake ɗaga shi.

Bakanike na farko ya ɗaure sukurun silo har ƙarshe. Da ya ga bai yi ba, ya koma kan ɗan sukurun da ke tokare faifan totur, wanda kamfani ya shafa wa fenti don kada a taɓa. Na biyu ya ce sai an wanke injekta. Ita ma wannan kalmar sha'aninta daban: abin da garejinmu ke kira injekta gidan faifan totur ne, wanda iska kawai ke bi ta cikinsa, su kuwa masu fesa man na ainihi nozul ake ce musu. An wanke, ta yi fes, haki bai daina ba. Na uku ko injin bai taɓa ba, ya ce birenbos ne, kuma yana da wani ɗan Kwatano a ajiye.

Wani abokin aikina ya kai ni wurin wani dattijo da ya tsufa a kan Honda. Bai ɗauki komai ba, sai tambaya.

"Malam, in ta yi zafi ma haka take yi?"

"Haka take, Baba. Ko daga Zariya na zo."

Ya bar ta tana aiki har fanka ta tashi. Ya cire babban tiyon iska daga bakin totur, ya nuna min ramuka biyu a jikin bangon, gaban faifan, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ɗora yatsa a kan na ƙasan. Na ga fatar yatsan ta lotsa ciki, injin kuwa nan take ya faɗo har yana neman mutuwa. Ya ɗaga yatsa, ihu ya dawo.

"Ga ɓarawonka nan."

Hondojin wancan zamani suna da bawul na biyu a ƙarƙashin gidan totur, wanda ba ruwansa da wuta ko ƙwaƙwalwa. Wani kaki ne a cikinsa. Da sanyi kakin yana tsukewa ya buɗe wa iska hanya, in ruwan lagireto mai zafi ya ratsa ta jikinsa sai ya kumbura ya toshe ta. Inji mai zafi bai kamata ramin nan ya ja yatsa ba. Baba ya bi ƙananan tiyon ruwa biyu da ya kamata su shiga bawul ɗin, sai ga su an haɗe bakinsu da guntun bututu, sun kewaye shi. Ruwan zafi bai ƙara zuwa wurin ba, kakin yana zaune cikin hunturu na har abada. Sai a lokacin na tuna ranar da ɗaya ya fashe min a hanya, wani yaro ya yi min dabara don in isa gida, na isa, na manta.

Tiyo biyu aka saya. Ya cika ruwa, ya sassauta notin fitar da iska har kumfa ta daina fitowa, domin iskar da ta maƙale a hanyar ruwa ita kaɗai tana iya kawo wannan haki. Sannan ya koma kan sukurun silo. E, motar tana da shi, ba zan ce babu ba, amma aikinsa shimfiɗa tushe ne kawai, kuma yana da ƙa'ida: inji da zafi, fitila da AC a kashe, a cire soket ɗin bawul ɗin ƙwaƙwalwa, a saita, a mayar, a zare fiyus na ɗan lokaci don ta manta da abin da ya wuce. Allura ta zauna a wajen 750. Gyaran cutar bai kai awa ɗaya ba. Maido da sukurun nan mai fenti wurinsa, shi ya cinye mana sauran yinin.

Sauran ƙofofin da iska ke bi ba su da wuyar lissafi. Tiyon roba da zafi ya busar ya tsage, gasket ɗin manifol (bututun da ke kai iska cikin inji daga totur), babban tiyon da ke zuwa baƙar tukunyar birki, wayar totur da aka ja ta yi tauri ba ta barin faifai ya rufe, har tabarmar ƙasa da ta danne feda. Mai haƙuri yana matse tiyo ɗaya bayan ɗaya da filaya, wanda ya matse gudu ya sauka, shi ne. Motocin da ke auna iska ta matsin cikin manifol, irin tsofaffin Honda da Camry mai injin 2.2, su ne yoyon iska ya fi ɗaga wa silo, domin suna ganin iskar su bi ta da mai. Masu awo a bakin tiyon iska kuwa ba sa ganin wadda ta shigo ta baya, sau da yawa karkarwa suke yi. Kwamfutar da ake jonawa ma a yi hattara da ita. Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin jona ta, kuma tana iya fito da lambar P0507. Fassarar lambar ita ce silo ya fi yadda ake tsammani, wato abin da kunnenka ya riga ya gaya maka kyauta. Ba ta ce a sayi komai ba.

Ƙaryar da aka fi yi wa ƙwaƙwalwa kuwa mu muke yin ta da hannunmu. Mota ta sauka daga Kwatano, abu na farko a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Motocin da ke yawo a Saudiyya da tamostat ɗinsu suke yawo. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 80, sannan ya sake shi zuwa lagireto. In babu shi, ga fanka na busawa tun daga tayarwa, injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, balle da asubahin hunturu a Jos ko Funtuwa. Na'urar auna zafin ruwa ta ce wa ƙwaƙwalwa har yanzu da sanyi, ita kuma ta ci gaba da abin da take yi da safe: ta ɗaga silo, ta ƙara mai. Irin wannan motar tana shan mai da gaske, kuma ba a tsaye kaɗai ba, duk tsawon tafiyar. Mai ita sai ya ɗora wa silo laifi, ya je a murɗa masa sukuru, tamostat ɗin kuwa yana can cikin bola.

Shawarar baƙon rediyon fa? Injin ƙaramar mota mai lafiya, in yana tsaye, abin da yake sha a awa ɗaya bai cika wuce lita guda ba. Ka sauko da shi daga 750 zuwa 550, abin da ka tsira da shi bai taka kara ya karya ba, a madadinsa sitiyari na rawa a hannunka, caji ya yi rauni, ka kunna AC ko ka murɗa sitiyari a wurin fakin ta mutu. Wannan ma in ƙwaƙwalwar ta ƙyale ka ke nan. Galibi da ka rufe nan sai ta buɗe can, ta koma kan lambarta. Motocin da suka fito daga tsakiyar shekarun 2000 kuwa yawancinsu ko wayar totur ba su da ita, wani ƙaramin injin lantarki ne ke juya faifan, shi ne kuma ke riƙe silon. An wanke musu bakin totur ko an cire batir, sukan ɗaga murya na ɗan lokaci har su sake koyon wurin zamansu.

Na tura wa shirin saƙon tes, na ce don Allah baƙon ya faɗa mana wane sukuru za a murɗa a Corolla ta 2010. Ba a karanta ba, lokacin talla ya yi.