Safar hannu ba laya ba ce: kira ga masu aiki a ɗakin gwajin sinadarai

A watan Agusta na 1996, Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth a Amurka tana aiki da wani ruwan sinadari mai ɗauke da zaiba, sai ɗigo ɗaya ko biyu suka faɗa kan safar hannunta ta roba. Ƙwararriya ce kan gubar ƙarafa, kuma ta bi duk ƙa'idar da aka sani a lokacin. Bayan kamar wata biyar ta fara tangaɗi, harshenta ya yi nauyi. A Yunin 1997 ta rasu. Da aka gwada irin safar, sai aka ga sinadarin yana ratsa ta cikin daƙiƙoƙi.

Nakan fara da labarinta duk lokacin da zan yi wa ɗalibai da ma'aikata bayani, domin da yawanmu da zarar mun zura safa sai hankali ya kwanta. Kowane sinadari da irin safar da ke tare shi, kuma takardar bayanin haɗarinsa ce za ta nuna maka. Karanta ta kafin ka buɗe kwalba.

Masu bincike sun rage tambayar "wa ya yi sakaci?", sun koma bin diddigin abin da ya faru kafin ranar haɗari. A Janairun 2010 wani ɗalibi a Jami'ar Texas Tech ya rasa yatsu uku lokacin da sinadarin da ya haɗa ya fashe. Kusan giram 10 ya haɗa, alhali malamansa sun ce kada a wuce miligiram 100. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa iyakar ba a rubuce take ba, kuma an taɓa samun ƙananan haɗurra biyu a baya, ba a yaɗa darasinsu ba. Shi ya sa yanzu ake nacewa a riƙa rubuta duk wani "saura ƙiris": kwalbar da ta tsage, asid ɗin da ya fantsama bai taɓa kowa ba. A ganina nan ne muka fi rauni. Ɗalibi na tsoron faɗa, sai ya goge ya yi shiru, na bayansa ya zo ya taka wuri guda. Malam, in yaro ya kawo maka irin wannan rahoto, kada ka hau shi da faɗa.

Sauran matakan kariya kuwa ba sa cin kuɗi. In aka ɗauke wuta, akwatin zuƙe hayaƙi, wanda ake aiki a cikinsa fanka na fitar da hayaƙin sinadari waje, ya zama kabad kawai, a dakata da aikin. Kada a zuƙi sinadari da baki, kada a juye shi a gorar ruwan sha. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba. In sinadari ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti da sunan sinadarin a rubuce.