Waiwaye: yadda Jim Harbaugh ya tashi daga jefa ƙwallo ya koma koci

Duk wanda bai saba kallon ƙwallon Amurka ba, wannan mai kama da zari-ruga da ake saka hular kwano da kafaɗun roba, to ya fara riƙe abu ɗaya: a cikin mutum 11 da ke kai hari akwai guda da ake ce wa kwatabak, shi ne madugu, shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane taku, shi zai jefa ko ya miƙa wa mai gudu, in an ci shi ake ɗagawa in an faɗi shi ake zagi. Jim Harbaugh ya yi shekara 14 yana wannan aiki a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallo, kuma gaskiya ba a sahun gwanayen farko yake ba, matsakaici ne mai taurin kai da ya sha duka ya sha tsawa. Ni dai a ganina wannan wahalar ce ta mai da shi kocin da ya zama.

Abin gado ne ba haye ba. An haife shi a Disamban 1963 a garin Toledo na jihar Ohio, babansa Jack Harbaugh koci ne da ya yi ta yawo da iyali daga wannan makaranta zuwa waccan, har ya zama mataimakin babban koci Bo Schembechler a Jami'ar Michigan a shekarun 1970, wato yaron a gefen filin atisaye ya taso shi da yayansa John. Baban na da wata tambaya da yake yawan jefa wa yaran ko da suna cikin matsi, wai wa ya fi mu jin daɗi, su kuma su amsa da ƙarfi babu kowa, kuma har yau Jim na yin wannan kirarin da 'yan wasansa a ɗakin canja kaya.

Da ya girma Michigan ɗin ya koma ya yi wasa a ƙarƙashin Schembechler. A 1986, ana saura kwanaki su je gidan babbar abokiyar gabarsu Ohio State, sai ya fito gaban 'yan jarida ya ce ya yi alkawari za su ci, abin da 'yan wasa ke gudun faɗa kenan don kar a ba abokan hamayya abin hura wuta. Suka je suka ci 26 da 24. A shekarar ya zo na uku a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, sai Chicago Bears ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa na 1987, lamba ta 26.

To a Chicago ne ya haɗu da Mike Ditka, koci mai zafin zuciya da ba ya ɓoye fushi. Akwai wasan da har yanzu ake nuna bidiyonsa, Oktoban 1992 a gidan Minnesota Vikings, Bears na gaba da 20 da nema an shiga zangon ƙarshe, Harbaugh ya duba yadda masu tsaron baya suka jeru sai ya canja dabarar da koci ya bayar nan take, filin kuma rufaffe ne ihun 'yan kallo ya cika ko'ina, wanda zai karɓi ƙwallon bai ji canjin ba, ya jefa ta faɗa hannun ɗan Vikings ya ruga da ita har gida, wato ƙarshen fili inda ake cin maki. Ditka ya tare shi a bakin layi yana surfa masa masifa kamar zai cinye shi ɗanye, kyamara na ɗauka duk ƙasa na kallo. Wasan ya juye suka faɗi 21 da 20, kakar ta lalace, a ƙarshenta aka sallami Ditka, shi ma Harbaugh bai wuce 1993 a can ba.

Indianapolis Colts ce ta ba shi shekararsa mafi kyau, 1995. Ya riƙa dawo da wasannin da an riga an fidda rai har aka laƙaba masa sunan kyaftin mai farfaɗowa, ya kai su wasan da daga shi sai Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, a Pittsburgh cikin Janairun 1996. Pittsburgh na gaba 20 da 16, saura daƙiƙu, ya ɗaga ƙwallo sama can cikin gida inda mutane suka cunkushe, irin jifan nan na a-yi-ta-ta-ƙare, ta sauko kan cikin abokin wasansa Aaron Bailey yana kwance a ƙasa, ta gangara ta taɓa ƙasa kafin ya damƙe. Shikenan. Bayan shekara biyu Colts ta sayar da shi ga Baltimore don ta ɗauko wani yaro kwatabak mai suna Peyton Manning, daga nan San Diego Chargers a 1999 da 2000, wasa ya ƙare ba kofi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tun yana wasa ya fara koyon aikin koci. Daga 1994 zuwa 2001 yana taimaka wa babansa a Jami'ar Western Kentucky ba albashi, lokacin hutu yana bin makarantun sakandare yana zawarcin yara 'yan wasa, a 2002 ƙungiyar ta ci kofin ƙasa na rukuninta. Ya yi shekara biyu a Oakland Raiders yana horar da 'yan kwatabak, sai a 2004 ya yi abin da ya ba kowa mamaki, ya bar NFL ya tafi ƙaramar Jami'ar San Diego inda ko tallafin karatu ba a ba 'yan wasa, kawai don ya zama shi ne mai gida. Wasa 35, ya ci 29.

Jami'ar Stanford ta kira shi bayan ta ci wasa ɗaya tal cikin 12 a 2006. A shekararsa ta farko ya je gidan Jami'ar Kudancin California (USC), masu caca sun ce za a ba Stanford ratar maki 41, kwatabak ɗinsa kuma ranar ce karon farko da ya fara wasa, suka ci 24 da 23. Zuwa 2010 yana da kwatabak Andrew Luck, sun ci 12 sun faɗi ɗaya. Abin dariyar, tsohon mai jifa ne amma ƙungiyoyinsa da gudu da ture suke cin wasa, manyan ƙarti a gaba suna buɗe hanya, shi kwatabak a rage masa nauyi kar a sa shi abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya sha duka a bayan katangar da ba ta tare komai ai ya san darajar katanga.

Da ya koma NFL ya zama kocin San Francisco 49ers a 2011, haka ya yi da kwatabak Alex Smith, mutumin da aka ɗauka lamba ɗaya a 2005 kuma magoya baya sun gama yanke masa ƙauna. Harbaugh ya lallaɓa shi, suka ci 13 suka faɗi 3, aka ba shi gwarzon koci. Sai dai a 2012 Smith ya bugu a ka ya huta, Colin Kaepernick ya shiga ya haska, da Smith ya warke sai ya tarar da benci na jiransa. Nan kam ban taɓa jin daɗin abin ba, ganin cewa shi ma Harbaugh an taɓa ture shi don wani yaro, amma ta fuskar sakamako ba za ka ce ya yi kuskure ba tunda har Super Bowl suka je.

Ranar 3 ga Fabrairun 2013 a New Orleans, wa da ƙani, John kocin Baltimore Ravens, Jim kocin 49ers, iyayensu na zaune a cikin 'yan kallo ba su san wa za su yi wa addu'a ba. Ravens na gaba 28 da 6 sai aka ɗauke wuta a rabin filin, eh a Amurka, minti 34 ana zaune, da ta dawo 49ers suka farfaɗo har suka iso yadi biyar da gida a mintunan ƙarshe, jifa uku ba wadda aka cafke, aka tashi Ravens ta ci 34 da 31. Bayan kakar 2014 rashin jituwa da shugabannin kulob ɗin ta yi tsanani suka rabu, duk da ya ci 44 ya faɗi 19 da canjaras ɗaya.

Komawarsa Michigan a 2015 kamar ɗan gida ya dawo ne, amma sau biyar a jere Ohio State na lallasa shi, a 2020 ya ci biyu ya faɗi huɗu har aka zabge masa kusan rabin albashi. Ya haɗiye ya canja mataimaka, 2021 suka ci Ohio State 42 da 27, suka maimaita a 2022 da 2023. Ita 2023 ɗin da ƙura ta zo: an dakatar da shi wasa uku na farko kan karya dokar zawarcin 'yan wasa lokacin korona, aka sake dakatar da shi wasa uku a ƙarshe kan zargin wani ma'aikacinsa, Connor Stalions, na tura mutane su ɗauki bidiyon alamun hannu da kocin abokan hamayya ke yi. Harbaugh ya ce bai san da zancen ba. Duk da haka suka ci wasa 15 ba faɗuwa, suka doke Washington 34 da 13 a fainal ranar 8 ga Janairun 2024, da gudun sama da yadi 300, kofin ƙasa na farko tun 1997.

Makonni kaɗan bayan haka ya tattara ya koma Chargers da ya taɓa yi wa wasa, yanzu tana Los Angeles, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA kuma ta biyo shi da takunkumin shekara huɗu a 2024, ta ƙara na shekara goma a 2025, hukuncin da bai shafi aikinsa a NFL ba. Kakarsa ta farko sun ci 11 sun faɗi 6, kwatabak ɗinsa Justin Herbert sau uku kacal aka ƙwace masa jifa a duk kakar, sai ga shi a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Houston an ƙwace masa huɗu rana ɗaya, aka ci su 32 da 12. Da 'yan jarida suka taso da maganar Herbert, Harbaugh yabon yaron ya yi, ya ja laifin ya ɗora wa kansa.