Waiwaye: Yadda masuntan tsibirin Apo suka killace tekunsu

Daga gaɓar Malatapay da ke kudu da birnin Dumaguete a ƙasar Filifin, tafiyar minti 30 zuwa 45 ce a kwale-kwale mai inji kafin a isa Apo. Ɗan tsibiri ne mai faɗin kimanin hekta 74, mazaunansa wajen mutum dubu, akasarinsu masunta. Yawancin baƙi da safe suke zuwa, su biya kuɗin shiga, su yi iyo kusa da kunkurun teku, su juya kafin iskar yamma ta tayar da igiyar ruwa. Kaɗan ne cikinsu suka san da ƙyar aka samu abin da suke kallo.

A shekarun 1970 kamun kifi a yankin ya lalace. Wasu nakiya suke jefawa. Wasu kuma suna yin abin da ake kira muro-ami: masu iyo da yawa, har da yara, su riƙa buga duwatsun da aka ɗaure da igiya a kan murjani (wata halitta mai kama da dutse da ke tsirowa a ƙarƙashin teku) don su koro kifi cikin raga. Kamun ranar yakan yi yawa, amma murjanin da kifi ke fakewa ya hayayyafa a ciki ya zama tsakuwa.

Masanin halittun ruwa Angel Alcala na Jami'ar Silliman ya fara gwada killace wani yanki, wato hana kamun kifi a cikinsa, a tsibirin Sumilon a 1974. Kifi ya ƙaru, amma yarjejeniyar tsakanin jami'a da ƙaramar hukuma ce, masunta ba su da bakin magana. Da siyasa ta sauya, aka afka wa wurin a 1984, cikin ɗan lokaci kamun ya faɗi ƙasa.

A Apo sai aka bi ta hannun mutanen gari. An kwashe shekaru ana zama da iyalai kafin a 1982 su amince su hana kamun kifi a wani zirin gaɓa mai tsawon mita 450, kusan kashi goma cikin ɗari na murjanin tsibirin. A sauran wuraren an bar ƙugiya da tarkon gora da makamantansu, aka haramta nakiya da muro-ami. Su da kansu suke gadi, bi da bi. Hikimar ita ce kifin da aka bari ya girma ya fi zuba ƙwai nesa ba kusa ba, kuma idan wurin ya cika, rarar takan fantsama zuwa inda aka halatta kamun kifi. Binciken da Alcala da abokin aikinsa Garry Russ suka shafe shekaru suna yi ya nuna hakan, sai dai abin ba ya zuwa a shekara ɗaya ko biyu, kuma wannan jiran shi ne mafi wuya ga mai ciyar da gida.

A 1994 gwamnatin ƙasa ta shigar da Apo cikin wuraren da take karewa. Doka ta yi ƙarfi, amma kuɗin baƙi ya koma bi ta baitulmali, kason tsibirin ya riƙa makalewa. Mutanen da suka kafa abin da guminsu suka ji an karɓe musu. Sai a 2013 doka ta ba irin waɗannan wurare damar riƙe kashi 75 cikin ɗari na kuɗin kai tsaye.

Guguwar Sendong a Disamban 2011 da ta Pablo a Disamban 2012 sun farfasa kusan dukan murjanin killataccen yankin, domin yana ɓangaren da suka daka. Aka rufe shi ga masu nutso, baƙi suka koma sauran sassan gaɓar.

Mai niyyar kwana ya sani ruwan daɗi na da wuya a tsibirin: na sama ake tarawa, wani kuma a jarka ake hayo da shi. Ya riƙe tsabar kuɗi, kada ya taka murjani ko ya taɓa kunkuru, kuma ya tambayi matuƙin jirgi yanayin teku tun daren jajibiri.